Mun Bi Idonki, Anti Mai Tabarau

Ranar Litinin, goma sha huɗu ga watan Oktoba, da hantsi, Allah Ya karɓi abinSa. Anti Mai Tabarau ta rasu a asibiti, bayan jinyar kwana biyu da ba ta iya ce wa kowa uffan ba. Daga gare Shi muka zo, kuma can za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Ina makaranta abin ya faru. Sai da na dawo na kunna waya, na tarar zaurenmu na masu kallon tsuntsaye ya cika da saƙonni, babu hoton tsuntsu ko ɗaya a ciki. Tun kafin in karanta jikina ya ba ni.

Anti, ni ce, 'Yar Littafi. Kin san ban taɓa rubuta abin da ya wuce "na gode" a zauren nan ba, shi ma sai na goge na sake kafin in tura. Yau ga shi ina rubuta mai tsawo, ke kuma da za ki fi kowa tsokanata a kai ba kya nan. Ina so 'ya'yanki su karanta, don su san yadda kike a wajenmu, su kuma san yadda aka yi ranar Asabar ɗin nan da ciwon ya same ki, tun da ba mu iya yi musu bayani a asibiti ba.

A shagonki na fara ganinki, ɗan ƙaramin shagon nan da ke tsakanin kantin magani da mai gyaran waya, mai fankar da ke ƙara kamar za ta faɗo. Umma ce ta kai ni, don na daina ganin rubutun allo a aji. Tun a hanya take faɗa, wai littattafan soyayya ne suka cinye mini ido. Kika ɗora mini wani tabarau mai nauyi a hanci, kina canza gilasai kina tambaya, wannan ko wancan, ni kuma ina amsawa da kai don kunya. Da kika gaji da gyaɗa kaina sai kika kama hannuna kika kai ni bakin ƙofa.

"Bar haruffan nan, kowa ya haddace su. Me kike gani a kan wayar wuta can?"

Na ce, "Tsuntsu."

Kika ce, "Tsuntsu ai sunan kowa ne. Duba da kyau."

Hazbiya ce. Na sha ganin irinta a kan rufin gidanmu, amma ban taɓa sanin tana da fararen ɗige-ɗige a fukafukai ba, ban kuma san kewayen idonta ja ne ba, kamar wadda ta sha kuka ta ɓoye. Na tsaya baki buɗe. Umma ta ce, "Anti, don Allah kar ki ƙara mata wani abin, wanda take da shi ma ya ishe mu." Kika yi dariya har tari ya kama ki. Kafin mu tafi kin karɓi lambata kin saka ni a zaure.

Na yi watanni a ciki ban ce komai ba. Ina dai kallon hotunan da ake turawa, ina karanta gardamar Malamin Lissafi da Yaya Mai Hoto a kan sunayen tsuntsaye, ina jin kamar na san mutanen nan alhali ban taɓa ganin fuskar kowa ba sai taki. Duk Asabar da sassafe kuna fita bakin tafki a motar Kawu Direba. Da na roƙi Abba ya bar ni in bi ku, bai ko ɗago daga abin da yake yi ba ya ce, mutanen da aka haɗu da su a waya ba mutanen da zai ba 'yarsa ba ne. Na shiga ɗaki na yi kukana na share hawaye. Ban gaya miki ba. Ban san yadda aka yi kika sani ba, wataƙila Umma ce.

Sai ga ki wata ranar Laraba da yamma a falonmu, kin rufe shago da wuri. Kika zauna a kujerar nan mai lotsawa, kika sha ruwa, kika yi wa ƙannena wasa, kika tambayi Abba kasuwa. Ina laɓe bayan labule ina jin komai. Can kika ce, "Yallaɓai, ni zan zo in ɗauke ta a ƙofar nan, ni zan dawo da ita ƙofar nan. Ranar da ba ni, ba ita." Abba ya ce, "A kan wannan sharaɗin na yarda." Na kusa yage labulen don murna. Ban yi tunanin ɗaya rabin maganar ba sai yanzu.

Ga waɗanda ba su taɓa bin mu ba, fitarmu tana da doka ɗaya, kuma Anti ce ta kafa ta. Idan an sauka daga mota an fara takawa, babu magana. Wanda ya ga tsuntsu ba ya kira, ba ya nuni da yatsa, don motsin hannu kaɗai ya isa ya tashe shi. Sai dai ya tsaya cak a inda yake. Sauran kuma duk su tsaya, su dubi inda idonsa yake kallo, su bi. Babu mai motsi sai wanda ya fara tsayawa ya sauke kafaɗa. Ita kanta takan cire awarwaronta tun a mota ta zuba a jaka. Wasu sababbi abin yakan yi musu wuya, musamman Malamin Lissafi, wanda kika ce bakinsa ba shi da birki. Ni kuwa, Anti, a nan ne kaɗai a duniya shiruna bai zama laifi ba. A gida a ce na cika nuƙu-nuƙu, a makaranta a ce girman kai ne. A bakin tafki kika ce wa mutane, "Ku koya a wajen yarinyar nan."

Ranar fitata ta farko na ɓoye littafin soyayya a cikin hijabi, don ina tsoron kar zaman ya gundure ni. Da aka zauna hutawa na ja gefe na buɗe. Ban ji zuwanki ba sai inuwarki a kan shafin.

Kika ce a hankali, "Ya faɗa mata, ko har yanzu yana kwana-kwana?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Bai faɗa ba."

"To ajiye shi, ba inda za shi. Wancan zalɓen kuwa ba zai jira ki ba."

Kika rataya mini madubin hangen nesanki a wuya, igiyarsa da ɗuminki a jiki. Daga ranar na zama 'Yar Littafi. Ba ki taɓa ce mini in daina karatun ba. Har kikan tambaye ni a mota yadda aka ƙare, in na ba ki labari ki ce, "Wannan yaron ba shi da aikin yi ne? Kullum yana ƙofar gidansu?" Kawu Direba ya yi ta dariya yana dukan sitiyari.

Akwai kuma abin da kike kira rabon 'yan gida. A zaure akwai waɗanda ba sa iya fita: wata mai jego, wani dattijo da ƙafa ta hana, wani da karatu ya kai nesa. Duk fita, kafin a juyo, sai ki ɗaga wayarki sama ki naɗi kukan tsuntsayen wajen ki tura musu. Sai dai kina da asma, kuma wayar a kusa da ke take, don haka a ƙarƙashin kowane sauti ana jin numfashinki, siririn fito yana shiga yana fita. Yaya Mai Hoto ya ce, "Anti, rabin sautin nan fa ke ce. Mutane za su ɗauka mun gano sabon tsuntsu." Kika ce, "To ka raɗa masa suna mana, ɗan nema." Ya sha cewa a bar masa ya naɗa da na'urarsa mai kyau, kika ƙi. Kika ce na gida ba tsuntsu kaɗai suke son ji ba, suna so su ji akwai mutum a wajen.

Tsuntsu ɗaya ne kike nema ba ki samu ba, gauraka. Kin ce sau ɗaya kika taɓa ganinsu, kina amarya, a bayan babur ɗin maigidanki marigayi. Ya tsayar da babur a gefen hanya ba tare da ya ce komai ba, ga su biyu a cikin fadama da kambin zinariya a ka, suna tsalle suna buɗe fukafukai suna rusuna wa juna. Tun daga nan ba ki sake gani ba. Na daɗe ina juya labarin nan a raina, na ƙawata shi fiye da yadda kika ba da shi, har kalar mayafinki na zaɓa miki. Wata rana na yi ƙarfin hali na tambaye ki, "Anti, da gaske ne ba sa rabuwa har mutuwa?" Kika ce, "Haka ake faɗa. Ni dai ban bi su gida ba." Kika kurɓi shayinki. Can kika ƙara, ba ni kike kallo ba, "Amma ranar su biyu ne, mu ma mu biyu."

Ana gobe Asabar ɗin nan wani ya rubuta a zaure cewa masunta sun ce sun ga gauraka a can ƙarshen tafki. Da kika zo ɗaukata kin riga Kawu Direba yin hon, kin miƙa hannu ta gefensa kin danna. A mota kika ce kanki na ɗan sarawa, ɗoki ne ya hana ki barci. Muka yi dariya. Babu wanda ya kawo komai a ransa.

Mun taka da nisa fiye da kullum. Da muka isa inda ciyayi suka yi tsayi kika buɗe 'yar kujerarki mai naɗewa, kika jingina da gindin wata bishiya, fuskarki na kallon ruwa, kofin shayi a hannu. Ni ina tsaye kusa da ke, ɗan gaba kaɗan. Sai na ji numfashinki ya canza. Na saci kallo ta gefen ido, na ga kin tsaya cak, kanki a ɗan karkace, idonki a kafe wuri ɗaya. Na tsaya. Na kusa da ni ya tsaya. Shirun ya bi layi har ƙarshe, yadda kika koya mana. Malamin Lissafi ya durƙusa a hankali. Yaya Mai Hoto ya ɗaga kyamara kamar mai ɗaukar ƙwai. Duk muka bi idonki.

Babu komai a wajen sai balbelu da ruwa yana ƙyalli. Amma sau nawa kina riga mu gani? Sau nawa muna zura ido a banza, sai can ciyawa ta motsa abin ya fito? Muka jira. Ina ta cewa a raina, Allah Ka sa su ne, Allah Ka sa su biyu ne. Murna nake yi, Anti. Duk tsawon lokacin nan murna nake yi miki.

Ban san iya daɗewar da muka yi ba. Abin da ya sa na juyo ma ba hankali ba ne. A littattafai ana yawan kwatanta fuskar wanda ya ga abin da ya shekara yana jira, ni kuma ban taɓa gani a zahiri ba, na so in ga taki. Sai na ga gefen bakinki ya saki, hawaye na bin ido ɗaya, shayin ya zube a zaninki kofin na rataye a yatsa. Na ce, "Anti ba tsuntsu take kallo ba." Kawu Direba ya ce daga baya bai gane muryar ba, don bai taɓa jin ta da ƙarfi ba. Balbelun suka tashi gaba ɗaya.

Mazan suka ɗauke ki a kan kujerar har mota. Na riƙe hannunki a hanya, na ɓangaren da bai saki ba. Kin matsa yatsuna sau ɗaya, ko kuwa gargadar hanya ce, ban sani ba. A barandar asibiti babbar 'yarki, Anti Nas, ta iso da kayan aikinta a jiki. Ta shiga ta fito, ta dube mu da takalmanmu duk taɓo, ta ce, "Tun yaushe take a haka kafin ku taso?" Muka dubi juna. Ta sake tambaya. Kawu Direba ya cire hula ya ce, "Ba mu sani ba, 'yata. Mun ɗauka tsuntsu ta gani." Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta zauna a benci ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na rawa. Da ta ɗago ta ce, "Ai ita ta koya muku." Ta ce likita ya ce jinin da ya zuba a kanki mai yawa ne, ko a ƙofar asibiti ya same ki da wuya a yi wani abu. Wataƙila haka ne. Wataƙila kuma ta ga fuskokinmu ne ta tausaya. Ba ni da hanyar sani, kuma na san kwana idan ya ƙare ya ƙare.

Abin da ba ya barina shi ne idonki a buɗe yake. Kina ganinmu, Anti? Kina ganin bayan kawunanmu, duk mun ba ki baya muna leƙen ciyawa, kina so ki kira ba hali? Ko kuwa kin riga kin yi nisa? Wani lokaci nakan ce wa kaina da gaske kin gan su, mu ne ba mu gani ba. Na san irin tunanin 'yan littafi ne, da kina nan da kin ce in ajiye shi.

A zaure an yi magana a kan dokar. Malamin Lissafi ya kawo shawara, kuma a karo na farko babu wanda ya yi masa gardama: daga yanzu duk wanda ya tsaya, na kusa da shi ya fara duban fuskarsa kafin ya dubi inda yake kallo. Kowa ya amince. Aka kuma ce Asabar ta gaba za a koma wajen bishiyar nan saboda ke.

Na sami Abba yana ɗaura agogo zai fita. Na tsaya a bakin ƙofa har ya ce, "Faɗi mana." Na faɗa. Ya zauna a kujerar da kika zauna. Ya ce, "Kin ji abin da ta ce da bakinta a falon nan. Maza ne suka rage. Ni Asabar ina shago, Ummanki ga yara. Wa zan ba ke?" Ba da faɗa ya yi maganar ba, da ma faɗa ya yi da na sami abin jin haushi. Ɗayar macen da ke fita da mu aiki ya mayar da ita wani gari tun bara. Kawu Direba ya kira shi ya ce ni kamar 'yar cikinsa ce, Abba ya yi masa godiya sosai, ya ce a yi haƙuri. Na duba ta ko'ina ban ga laifin kowa ba. Ke kaɗai ce kika san yadda ake zama a kujerar nan a sha ruwa a tashi da izini.

Asabar ta zo na farka a lokacin da na saba. Na sa tabarau na tsaya a taga. Mai shara ya wuce, mai burodi ya wuce, ba a yi hon ba. Wajen hantsi saƙo ya shigo daga Yaya Mai Hoto: "Rabon 'yan gida. 'Yar Littafi, har da ke." Da na'urarsa mai kyau ya naɗa. Ga kurciya, ga tsuntsun nan ragon maza daga nesa kamar ana tsiyayar ruwa daga tulu, ga wani ƙarami da ban gane ba. Tas yake, babu ko ƙura. Ban iya kai shi ƙarshe ba. Na koma sama a zaure na nemo wani tsoho naki na kunna. Tsuntsayen can ƙasa-ƙasa, iska na busa wayar, ga siririn fiton nan yana shiga yana fita.

Abba ya dawo ɗaukar makullin da ya manta. Ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, "Wane ne yake numfashi haka?" Na ce, "Anti ce." Ya tsaya da makullin a hannu har sautin ya ƙare. Ya ce, "Allah Ya jiƙanta." Ya ja mini ƙofar a hankali ya tafi shago. Bai ce komai a kan Asabar mai zuwa ba, ni ma ban tambaya ba. Na shiga cikin 'yan gida, Anti. Ashe tun tuni kina tara mini rabona.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Anti Nas da ƙannenta, da jikokinki da kike nuna mana hotunansu a mota ko mun gani a baya, da yarinyar da ke taya ki a shago, da duk 'yan zaure, na fita da na gida. Ku yafe mana tsayuwar da muka yi. Allah Ya ba ku haƙuri da juriya, Ya sa ku gama da duniya lafiya.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa, Ka yafe mata kurakuranta, Ka sa ciwon da ta yi shiru a cikinsa ya zama kankarar zunubi. Ka haskaka kabarinta yadda ta haskaka idanun bayinKa, Ka yalwata mata shi, Ka sauƙaƙa mata numfashi a inda babu asma. Ka haɗa ta da maigidanta a Aljanna. Idan kuma akwai gauraka a can, Anti, Allah Ya sa su biyu ne, ku ma ku biyu. Amin.